Cokulan Kakana da Ruwan Azurfa

Bayan sadakar arba'in ɗin Kaka, matar kakana, aka buɗe adakarta. A can ƙasa, ƙarƙashin saƙi da tsofaffin atamfofi masu ƙanshin kafur, muka tarar da ƙunshi uku da aka naɗe da tsumma aka ɗaure da zare. Cokula goma sha ɗaya, cokula masu yatsu shida, butar shayi, kwanon sukari, sai tire guda mai hannu biyu. Duk sun yi baƙi ƙirin kamar daga murhu aka zaro su. Goggo na ganinsu ta ce, "Kayan Bature ne. Azurfa ce zalla, tun muna yara muke jin Baba yana ce musu kayan silba."

Da yake gado ne, dole a yi musu kuɗi kafin a raba. Ni da Baffa aka tura wurin wani dattijo maƙerin fari a cikin garin Jos, irin waɗanda har yanzu suke zaune a ƙasa da zugazuginsu da ƙananan awartaki. Muka gaisa, na kwance ƙunshin. Ya ɗauki cokali ɗaya ya jinjina shi a tafin hannu, ya goge bayansa da gefen rigarsa, ya matsa bakin ƙofa inda akwai haske. Bai ko taɓa magagari ba.

"Malama, wannan ba azurfa ba ce. Ruwa aka yi masa."

"Ruwa kamar yaya, Baba?"

"Ruwan azurfa. Riga ce aka sa wa wani ƙarfe. Matso ki ga inda ta yage."

A bayan cokalin, daidai inda cikinsa yake taɓa tebur in an ajiye shi, akwai wani tabo kamar girman ƙwayar wake. Launinsa ya ɗan karkata zuwa ruwan ɗorawa, ba fari tas ba kamar sauran jikin. Sai ya laluba cikin wani gwangwani ya fito da tsohon sule mai kan sarkin Ingila, ya jefa shi kan uwar maƙera, ya yi wani ƙara siriri mai tsawo. Ya ce irin wannan suke nema, da dala mai kan mace wadda iyayenmu suke ratayawa a wuya. Gaskiyarsa kuwa: sulallan farko da Turawa suka buga wa Afirka ta Yamma daga 1913 na azurfa ne, sai a 1920 aka koma na gami, ita kuma dalar nan ta sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya, wadda kowace ke ɗauke da shekarar 1780, ta daɗe tana shiga wutar maƙeranmu tana fitowa a matsayin munduwa da zobe. Cokulanmu dai, in ji shi, ko ya narka su ba abin da zai samu sai gamin da ba shi da amfani a wurinsa.

Baffa bai ce uffan ba har muka iso gida. Da aka ji labari, kowa ya janye hannunsa, har wani ya ce ashe jabu Bature ya ba tsoho. Kalmar nan ta tsaya mini a rai. Na roƙi mahaifina ya karɓe su a cikin rabonsa, ya karɓa, ya ba ni.

Shekara goma sha huɗu ke nan ina koyar da kimiyyar sinadarai a makarantar sakandare, kuma kowace shekara sai na zana wa ɗalibai hoton kwano da ruwa da wayoyi biyu a allo, na ce musu haka ake yi wa ƙarfe rufi da lantarki. Amma sai da na zauna da waɗannan cokula da gilashin ƙara girma sannan abin ya shiga jikina. A bayan mariƙin kowane cokali an buga ƙananan haruffa: EPNS, sai A1, sai wata 'yar tuta mai kusurwa uku da W&H a cikinta. Tutar tambarin kamfanin Walker & Hall ce, na birnin Shafil a Ingila. EP na nufin an yi rufin da lantarki. NS kuma sunan ƙarfen da ke ciki ne, wanda Turawa suke kira azurfar nikel alhali ko ƙwayar azurfa babu a cikinsa: jan ƙarfe ne kusan kashi 60 cikin 100, sauran nikel da tutiya. Mutanen Sin ne suka fara haɗa shi, Jamusawa suka kwaikwaya a farkon ƙarni na 19. Masu cokula sun so shi ne domin fari ne, ko rigar ta goge ba zai nuna ja ya tona asiri ba. A1 kuwa yabon kai ne na mai kaya, yana cewa wannan shi ne rufinsa mafi kauri, ba wata hukuma ce ta tantance ba.

Da azurfa ce ta gaske, da hoton zaki mai tafiya za a gani, shaidar cewa kashi 925 cikin 1000 azurfa ce, tare da tambarin garin da aka gwada ta: kan damisa na Landan, ƙugiyar jirgin ruwa ta Bamingham, ko kambi na Shafil a wancan zamani. Waɗannan garuruwa biyu na ƙarshe tun 1773 suka samu ofisoshin gwajinsu. Duk mai irin waɗannan kaya a gida, ya fara neman zakin nan kafin ya sa rai.

Kakana ba ɗan Jos ba ne. Daga wani ƙauye a ƙasar Katsina aka kwaso su lokacin yaƙin duniya na biyu. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, wadda ta fi ko'ina samar da kuza a daular Ingila, sai gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora aikin tilas a ma'adinan Filato, aka riƙa ɗibar maza daga lardunan Arewa har zuwa 1944. Mutane da yawa sun mutu saboda sanyi da yunwa da cuta. Shi Allah ya yi da sauran kwanansa. Ya yi dakon ƙasa a kwano a ka, daga baya wani Baturen kamfani a wajen Bukuru ya ɗauke shi boyi, har ya zama kuku. Da Baturen zai koma gida a farkon shekarun 1970, ya bar masa waɗannan kaya. Mahaifina ya ce duk ranar Asabar aikin tsoho shi ne goge silba: ya shimfiɗa jarida a baranda, ya jera su, ya shafa hoda mai ruwa, ya bi kowane yatsan cokali da tsumma, sai ya ga fuskarsa a ciki zai ajiye. Ya yi haka fiye da shekara ashirin a gidan wani. Da suka zama nasa ma bai daina ba, ko da yake shi da hannu yake cin tuwonsa.

Son a ga azurfa a tebur ba tare da an biya kuɗin azurfa ba tsohon abu ne. A wajen 1743 wani maƙerin wuƙaƙe a Shafil, Thomas Boulsover, yana gyaran mariƙin wata wuƙa da aka yi da azurfa da jan ƙarfe, sai wuta ta yi yawa, ƙarafan biyu suka manne. Abin da ya lura da shi shi ne in ka buga su ko ka murje su, tare suke miƙewa kamar ƙarfe ɗaya. Daga nan aka samu sana'a: a ɗora fallen azurfa a kan curin jan ƙarfe, a ɗaure da waya, a sa a wuta har azurfar ta fara zufa a gefe, a fitar, a murje tsakanin manyan ƙarafa har ya zama falle. Da wannan falle ake ƙera buta ko tire. Shi da maɓallai ya fara, wasu suka kai abin ga manyan kaya. Matsalarsa ɗaya, duk inda aka yanka sai jan ya leƙo a baki, don haka sai an bi gefen da zaren azurfa an rufe. Kusan shekara ɗari ana wannan aiki, kuma masu tara kayan da sun fi daraja shi a yau fiye da irin nawa.

Ruwan zinariya kuma a wancan zamani da zaiba ake yin sa. A kwaɓa zinariya da zaiba, a shafa wa ƙarfe, a gasa, zaibar ta tashi ta bar zinariyar. Hayaƙin nan shi ma'aikata suke shaƙa har hannuwansu su kama rawa, haƙora su zube. Duk wanda ya san yadda masu haƙar zinariya a ƙauyukanmu suke ƙona zaiba a fili ya san ba tatsuniya ba ce.

Lantarki ne ya sauya komai. A 1800 Alessandro Volta ya haɗa batir na farko a Italiya, a 1805 abokinsa Luigi Brugnatelli ya yi wa lambobin azurfa rufin zinariya da shi. Amma abin bai zama sana'a ba sai a Bamingham, inda wani likita mai suna John Wright ya gano cewa in aka narkar da azurfa a ruwan gishirin sayanaid, rufin yana kwanciya sumul, ya kama gam, ba ya ɓarewa. George da Henry Elkington suka sayi dabarar, suka yi mata rajista a 1840, suka riƙa sayar wa wasu kamfanoni izinin amfani da ita, har da Christofle na Faransa. Cikin 'yan shekaru tsohuwar hanyar wuta ta mutu. Malamin makaranta da akawu da mai kanti suka samu damar ajiye butar shayi mai ƙyalli irin ta masu sarauta, otal-otal da jiragen ruwa da na ƙasa suka riƙa saye dubbai, jami'an mulkin mallaka kuma suka cika akwatunansu suka taho da su har Bukuru. Sayanaid ɗin nan guba ce mai kisa nan take, danginta ne ke cikin rogo mai ɗaci wanda sai an jiƙa an shanya kafin a ci. Har gobe da ita ake yawancin rufin azurfa, shi ya sa ba aikin bayan ɗaki ba ne, kada wani ya gani a intanet ya ce zai gwada.

Yadda abin yake faruwa ba wuya. Ana rataya cokali a cikin ruwan, a haɗa shi da wayar da ke da alamar ɗebewa. A ɗaya gefen a rataya fallen azurfa zalla a kan waya mai alamar tarawa. Da an saki wuta, azurfar da ke narke a ruwan sai ta riƙa sauka a jikin cokalin, fallen kuma yana zaizayewa yana mayar wa ruwan abin da ya rasa. Michael Faraday ne ya fitar da lissafin a shekarun 1830: wuta mai ƙarfin amfiya ɗaya, in ta yi awa ɗaya tana gudana, tana sauke azurfa giram 4 da ɗan ɗoriya. Jamusawa suna buga lamba 90 a cokulansu, ma'ana giram 90 aka raba wa cokula 24, kowanne bai kai giram 4 ba ke nan. Kaurin rufi mai kyau yakan kama daga maikuron 20 zuwa wajen 35 (maikuron dubu ne milimita ɗaya), alhali silin gashin mutum yana kai wa wajen 70. Wato rigar da kakana ya yi shekara da shekaru yana gogewa ba ta wuce rabin kaurin gashin kansa ba.

A zangon da ya wuce na daina zane a allo, na kawo abin aji. Ba azurfa ba, jan ƙarfe, wanda ruwansa shuɗi ne kuma ba shi da wancan haɗari. Kofin gilashi, batirin tocila biyu, guntun jan ƙarfe da na fere daga tsohuwar wayar wuta, da makullai uku da na wanke da omo na tsoma a ruwan tsami. Muka rataya na farko. Minti biyu ba a ga komai ba, yara suka fara surutu, sai wata yarinya a gaba ta ce, "Malama, yana yin ja!" Launin ya fara daga haƙoran makullin da gefe-gefe, sannan ya mamaye tsakiya, ja mai haske kamar cikin sabuwar tukunyar ƙasa. Na biyu kuwa wani yaro ne ya miƙo mini shi, ashe ya ci ƙosai lokacin tara. Da muka ciro, ko'ina ya yi ja ban da wuri ɗaya, inda zanen babban yatsansa ya fito sarai, layi-layi. Maiƙon da ido ba ya gani ya hana rufin kamawa. Na ɗaga makullin aka zagaya da shi aji, ban ƙara wani bayani ba.

Wannan shi ne abin da littattafanmu ba sa faɗa. Tsomawa a ruwa ita ce mafi sauƙi a aikin. Rufi ba ya ɓoye aibi, ƙara fito da shi yake yi, ko ƙarzane ɗaya aka bari sai ya bayyana a saman azurfar. Saboda haka kafin cokali ya ga ruwa sai an goge shi ya yi santsi kamar madubi, an dafa shi a ruwa mai kaifi irin na toka don cire maiƙo, an ɗauraye, an tsoma a asid, an sake ɗaurayewa, an yi masa siririn rufin farko na ɗan lokaci, sannan na gaske. In ya fito kuma fari ne dusu-dusu kamar alli, sai an murza shi da ƙarfe mai santsi ko dutse kafin ya yi ƙyalli. A Shafil yawancin masu gugar nan mata ne. Suna tsaye yini guda gaban faifai mai juyawa, suna zuba yashi da mai, sun naɗe ƙafafu da jiki da takarda mai ruwan ƙasa don kare tufafinsu, da jan ɗankwali a ka, su tashi fuska baƙi ƙirin. Da na karanta labarinsu, kakana na tuna a baranda da jaridarsa. Cokali ɗaya, mace ta fara goge shi a Ingila, Bakatsine ya ci gaba a Bukuru, kuma ba ɗayansu da ya ci abinci da shi a lokacin.

Butar shayin labarinta daban. A gindinta EPBM aka rubuta, da hoton ƙaho, tambarin James Dixon & Sons, su ma na Shafil. BM wani gami ne da ake kira ƙarfen Biritaniya, wanda fiye da kashi 90 cikin 100 nasa kuza ce, sai ɗan antimoni da jan ƙarfe. Kuza! A zamanin kakana ɗanyarta ake lodawa a jirgin ƙasa zuwa bakin teku, a kai Ingila a narka, sai a farkon shekarun 1960 aka kafa masana'antar narka ta a Jos. Duk lokacin da na ɗaga butar nan nakan tuna irin ƙarfen da ke ƙarƙashin rigarta shi ne ya raba shi da ƙauyensu, shi ya bar mana kududdufan da suka cika Filato, waɗanda har yanzu suke cin yara da dabbobi. Ƙarfe ne mai laushi, kuza tana narkewa tun a digiri 232, garwashin kirki ya wuce haka nesa. Shi ya sa ƙafa ɗaya ta butar ta fi sauran gajarta. Goggo ta ce wani baƙo ne ya taɓa ɗora ta a kan garwashi zai ɗumama shayi, kakana ya fizge ta da hannu, ya ƙone yatsu biyu.

Tiren ne ya fi ba ni tausayi. Bayan rasuwar tsoho, wata daga cikin 'yan gidan ta ga ya yi baƙi ana shirin biki, da kyakkyawar niyya ta sa toka da soson ƙarfe ta dirje shi kamar gindin tukunya. Tsakiyarsa yanzu ja ne, jan ƙarfen ya fito fili, azurfa ta rage a gefe da cikin zanen furanni kawai. Abin da shekaru ba su ci ba, rabin awa ta cinye.

Baƙin da azurfa take yi ba datti ba ne, ba kuma tsatsa ba ce. Farar wuta ce da ke yawo a iska, da wadda ke cikin ƙwai da albasa da roba, take haɗuwa da saman azurfar. Duk gugar da aka yi, da azurfar ake tafiya. Ni ga yadda na yi da cokulan: na shimfiɗa takardar alminiyam a roba, na jera su kowanne yana taɓa takardar, na jiƙa kanwa na tace, na haɗa da ruwan zafi na zuba har ya shanye kansu. Bekin soda ma yana yi. Ba a jima ba wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya taso, baƙin ya riƙa dushewa ina kallo. Alminiyam ɗin ne yake raba azurfar da farar wuta, ya bar ta a inda take, ba a kankare komai ba. Na ɗauraye, na share da tsohuwar riga mai laushi, na naɗe su a auduga. Kada a ɗaure su da robar ɗaure kuɗi, tana barin baƙin layi. Wuƙaƙe masu ƙaton mariƙi kuma kada a jiƙa su a ruwan zafi, domin da ƙaro ake cika cikin mariƙin, zafi yana sassauta shi. Butar ban tsoma ta ba, don baƙin da ya kwanta a cikin zanenta shi ke fito da furannin, na bar mata abinta.

Ban yarda da kalmar jabu a kan waɗannan kaya ba. Jabu shi ne sarƙar da aka yi wa ruwan gwal aka sayar wa amarya da kuɗin gwal, ta sa sau uku wuyanta ya yi kore. Wanda ya ƙera cokalin nan ya buga gaskiyarsa a bayansa da haruffa huɗu, mu ne ba mu iya karantawa ba. Kuma ya yi aikin da ya kai shekaru da dama ana ci ana gogewa kafin ƙwayar wake ɗaya ta goge. Mu ma ai mun san darajar irin wannan a jeren ɗakin iyayenmu, daga tasoshi zuwa langa da samira: kwanon langa ƙarfe ne aka yi wa rigar gilashi, ba wanda ya taɓa ce masa jabu, sai dai a yi takaici in ya faɗi ya ɓantare.

Wata abokiyar aikina ta ba ni shawara in nemi masu rufi a Legas su sabunta su. Ana iya yi, za a cire tsohon rufin gaba ɗaya, a goge, a sake tsomawa, su dawo kamar yau aka saye su. Tiren kam zan kai in na samu hannun da na yarda da shi, domin abin da ya same shi ɓarna ce. Cokulan ba zan kai ba. A mariƙin bakwai daga cikinsu, wuri ɗaya ne ya goge, ɗan sama da tambarin, inda mai guga yake danna babban yatsa ya riƙe da hagu yana aiki da dama. Na gwada sa nawa yatsan a wurin, ya zauna daidai.

Da ƙaramar salla na dafa shayi a tukunya, na juye a butar, na ninke takarda na sa ƙarƙashin gajeriyar ƙafar don ta tsaya. Goggo ta zo da jikokinta. Ta juya sukari da cokali ɗaya, ta daɗe tana kallon bayansa, sannan ta ce, "'Yar nan, da goma sha biyu ne. Ɗaya ni na ɓatar da shi a rafi ina yarinya, na je wasan girki da shi. Baba bai dake ni ba, amma ya yi kwana uku yana zuwa yana tona yashi." Da za ta tafi ta tambaye ni ko zan ba ta ɗaya. Na zaɓo mata cikin bakwai ɗin nan, na naɗe a auduga, ta ƙulle a bakin zanenta.